“Ke ’Yar Ina Ce?” Wariyar Cikin Motar Haya, Daga Rano da Kibiya Zuwa Uromi

A ranar Alhamis, 27 ga Maris 2025, ’yan banga suka tare wata babbar mota a garin Uromi da ke Jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta ’yan Arewa da suka taso daga Jihar Ribas, za su gida domin ƙaramar Sallah. Da aka ga bindigogin farauta cikin kayansu sai aka ce masu garkuwa da mutane ne. Jama’a suka rufe su da duka, aka cinna musu wuta. Mutum 16 suka mutu, ba tare da wani alƙali ya saurari ko kalma ɗaya daga bakinsu ba.

Mutanen nan maƙwabtanmu ne. Galibinsu ’yan ƙananan hukumomin Bunkure da Kibiya da Rano ne, wato ƙasar masarautar Rano. Kasuwa ɗaya muke ci da iyalansu, mota ɗaya muke shiga zuwa Kano. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano da kansa, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je ta’aziyya ƙauyen Torankawa a Bunkure. ’Yan sanda sun ce sun kama mutum 14. Shugabannin Kirista da na Musulmi duk sun yi Allah wadai, kuma mun gode wa Allah da abin bai juya ya zama ramuwar gayya a titunan Kano ba.

Amma ƙaunatattu, akwai tambayar da ta’aziyya ba ta amsa ba. Yaya aka yi taron mutane masu hankali, masu iyali, suka dubi matafiya suka yanke musu hukuncin kisa nan take? Amsar ita ce an daɗe ana yanke wannan hukunci kaɗan-kaɗan, a tasha, a cikin bas, a bayan adaidaita sahu, duk lokacin da aka dubi rigar fasinja ko harshensa ko sunansa aka ce an riga an san ko shi wane ne. Wannan ƙaramin hukunci na kullum shi ne za mu duba a nan, domin ana yi mana shi, mu ma kuma muna yi wa waɗansu.

Abin da ake ji tsakanin Rano da Unguwa Uku

Mu fara da faɗin gaskiya: yawancin tafiye-tafiye lafiya ake yi. Wanda ya saba shiga mota daga Rano ko Kibiya, ta Bunkure, har ta hau titin Zariya ta shiga Kano, ya sha ganin alheri. Ya ga saurayi ya cika wa tsohuwa kuɗin mota bai tambayi addininta ba. Ya ga Hajiya ta karɓi jaririn wata ta riƙe mata don ta gyara zama. Wannan alheri yana nan, kuma shi ne ya fi yawa.

Sai dai akwai wani abin da shi ma yana nan, wanda ’yan’uwa mata suka fi kowa saninsa. Mace ta shigo mota da zanen zumuntar mata da ɗankwali, ba hijabi. Yaron mota da ya kira ta kusa da ita “Hajiya” sai ya juyo gare ta ya ce “Madam”, ya soma yi mata guntun Turanci, alhali ita ban da Hausa ba ta jin wani harshe a duniya. In ta amsa, sai a ce, “Ashe kina jin Hausa! Ke ’yar ina ce?” Ta ce ’yar Kibiya. Sai a ce, “A’a, asalinku ake tambaya.” Macen da kakannin kakanninta suke kwance a ƙasar Rano ita ce ake nema wa wani asali.

Sauran kuma duk mun san su. Wani ya janye rigarsa don kada ta taɓa taka. Aka sayi ruwa ana miƙa wa juna, da ya zo kanka aka tsallake. Gardamar canjin naira 50 ta tashi, ba a ce “wannan mutum ya cika rigima” ba, sai aka ce “halinsu ke nan”. Ana hirar siyasa a kujerar gaba ana cewa “arna”, ba a san mai hular da ke gefe sunansa Bulus ba, shi kuma ya kau da kai yana kallon taga har a isa Unguwa Uku. A cikin gari, mai adaidaita ya ji ka ce Sabon Gari, ya dube ka sama da ƙasa, ya faɗi kuɗin da ba shi ya faɗa wa na gabanka ba.

Kirista Bahaushe kuma ba shi kaɗai yake shan wannan ba. Ɗan kabilar Ibo mai kayan gyaran mota “Inyamuri” ne ko an san sunansa. Wanda Hausarsa ta karye ana ce masa yana “gwaranci”, kalmar da ta mai da sunan al’ummar Gbagyi gaba ɗaya abin dariya. Mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Taraba, masu harsuna barkatai da tarihi daban-daban, an tara su a buhu ɗaya an ce “’yan ƙabila”. Bafulatani mai sanda da ƙwaryar nono yana shigowa ana taɓa aljihu. Almajiri kuwa ko ya biya kuɗinsa cif, shi za a ce ya tashi ya koma kan kaya.

Mutum ɗaya, suna biyu

Mu masu bi na kudancin Kano muna tsaye a wani wuri da ba kowa yake tsaye ba. Rano na cikin Hausa Bakwai. Da yawa daga cikin masu bi na Rano da Kibiya da Sumaila da Tudun Wada jikokin Maguzawa ne, wato Hausawan da suka daɗe riƙe da addinin kakanni kafin waɗansu su karɓi bishara, waɗansu su musulunta. A gida ɗaya za ka sami Istifanus da Isiyaku, uba ɗaya ya haife su. Hausa ce harshen sujadarmu da waƙoƙinmu da Littafi Mai Tsarki da muke karantawa.

To, ka ɗauki saurayi ɗaya daga cikinmu. A motar Kano sunansa “arne” ko “Bamaguje”. Ya tafi cirani Legas ko Fatakwal ko Benin, yana tura baro ko yana acaɓa, can kuma sunansa “aboki”. Kalmar da a gida take nufin amini, a Kudu an mai da ita ta zama jahili, ƙazami, wanda za a iya yi wa tsawa. Ya shiga bas ana toshe hanci, ana riƙe jaka. Ko da gicciye a wuyansa, fuskarsa da Hausarsa sun riga sun yi masa shaida.

Mu tsaya a nan mu yi tunani. Da a ce a cikin motar nan ta Uromi akwai ɗan ikkilisiyarmu da ya sami ragin kuɗin mota ya bi maƙwabtansa zuwa gida, wa zai tsaya ya tambaye shi katin baftisma? Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wanda ya yi murna a ransa ranar nan, ko ya ce “su ma su ɗanɗana”, bai san wutar da yake yi wa murna ba ta karanta suna.

Wannan matsayi yana da zafi, amma yana ba mu sanin da waɗansu ba su da shi. Bahaushe Musulmi da bai taɓa fita Kano ba bai san ɗacin “arne” ba. Kirista ɗan Kudu da bai taɓa zuwa Arewa ba bai san ɗacin “aboki” ba. Mu mun sha duka biyun. Jiki magayi. Wanda aka ba wannan sani, za a tambaye shi abin da ya yi da shi.

Me ya sa a mota?

Akwai dalilai da suka sa motar haya ta zama wurin da wariya take fitowa fili.

Na farko tarihi ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da daɗewa ba Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari domin ma’aikata da ’yan kasuwa baƙi, yawancinsu ’yan Kudu, Kirista. Birni daban, Sabon Gari daban. Fiye da shekara 100 ke nan mutumin birni yana tasowa da lissafin cewa Kirista baƙo ne, baƙo kuma ɗan Sabon Gari ne. A wannan lissafi ba a bar wa Saratu ’yar Kibiya gurbi ba. Unguwanni a rabe, makarantu da yawa a rabe, wuraren ibada a rabe. Mota ce kusan wuri ɗaya da ya rage inda dole kafaɗa ta gogi kafaɗa.

Na biyu matsi ne. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano. Adaidaita sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da ita a 2005 musamman domin mata, ta zama abin hawan kowa da kowa, mutum uku a matse a kujera ɗaya. Sannan a ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Direba yana ƙara lodi don ya fita, ɗan kamasho yana jiran nasa, fasinja ya fito da kuɗi ƙididdigagge. Ran kowa a wuya yake. In fushi ya tashi kuwa, ba ya zuwa wurin waɗanda suka ƙara kuɗin mai, kan wanda ba shi da mai tsaya masa yake sauka.

Na uku tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. An ga ƙwacen waya a adaidaita, an ga garkuwa da mutane a manyan hanyoyi, an ga bam a tasha. A ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar New Road da ke Sabon Gari, inda manyan bas-bas suke lodin Kudu, fiye da mutum 20 suka mutu. A watan Fabrairun 2015 wani ya tashi a tashar Kano Line. Mutumin da ya tsorata yana neman fuskar da zai ɗora wa tsoronsa, kuma fuskar da ta bambanta da tasa ita ce mafi kusa.

Na huɗu, a mota ba a san juna ba. A ƙauye in ka zagi Markus, gobe za ka gamu da wansa a gona, kuma dagaci zai ji. A mota za ka zage shi ka sauka a Na’ibawa, shi ke nan. Kunyar da take riƙe bakin mutum a gida ba ta biyo shi tasha ba.

“Ai wasa ne,” “ai tsaro ne”

Za a ce ana yin girman abin da bai kai ba. Ƙasar Hausa ƙasar barkwanci ce: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, duk suna tsokanar juna a mota ana dariya har a isa. Gaskiya ne, kuma wannan wasa gado ne mai kyau da ya kashe faɗa da yawa. Amma wasan taubasai yana da ƙa’ida. Duk ɓangarorin biyu sun yarda da shi, kuma wanda aka tsokana yana da ikon ramawa ba tare da tsoro ba. Ga ma’auni mai sauƙi: in wanda ake yi wa “wasan” shi kaɗai ne a motar, in ba ya dariya, in ya san ramawa za ta iya jawo masa taron mutane, to an bar wasa an shiga wulaƙanci.

Za a kuma ce hattara ba laifi ba ce. Mutanen Uromi sun sha fama da masu satar mutane kafin ranar nan, kuma bindiga a cikin mota abin tambaya ce. Wannan ma gaskiya ne. Tsaro yana duban abin da mutum ya yi ko abin da ya ɗauko, ya miƙa shi ga hukuma ta bincika. Wariya kuwa tana duban ko shi ɗan wace ƙabila ne, ta yanke hukunci kafin bincike. Da tsaro ake nema a Uromi, ofishin ’yan sanda ne zai zama ƙarshen maganar. Abin da ya sa aka ɗauko taya da fetur shi ne an riga an gama shari’ar “irin mutanen nan” a zuci tun shekaru da suka wuce.

Daga baki zuwa shinge

Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin wani tsohon shingen hanya. Mutanen Gileyad suka tsare mashigan Kogin Urdun. Duk wanda ya zo haye wa sai a sa shi ya faɗi kalma ɗaya, “shibbolet”. Mutanen Ifraimu harshensu ba ya iya furta ta daidai, da wannan aka gane su, aka kashe mutum 42,000. Masu kisan da waɗanda aka kashe duk jikokin Yakubu ne. Bambancin furucin harafi ɗaya ya isa.

Hanyoyin Nijeriya sun ga irin wannan sau da yawa, kuma ba ɓangaren da hannunsa yake da tsabta. A 1966 an kashe ’yan kabilar Ibo a tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama na Kano suna neman hanyar gida. A kan hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ’yan Boko Haram sun sha tare motoci suna duba katin shaida suna ware Kirista da ma’aikatan gwamnati. A ranar 14 ga Agusta 2021, a hanyar Rukuba da ke Jos, aka tare motocin Musulmi da suka fito taron zikiri a Bauci za su Jihar Ondo, aka kashe aƙalla 22. A watan Mayun 2022 aka harbe wata mace ’yar Arewa mai juna biyu da ’ya’yanta huɗu a kan hanya a Jihar Anambara. A ranar 20 ga Yuni 2025, wata uku kacal bayan Uromi, ’yan biki da suka taso daga Basawa ta Zariya za su ɗaurin aure a Qua’an Pan suka ɓata hanya a ƙaramar hukumar Mangu ta Jihar Filato, aka far musu, fiye da mutum 10 suka mutu.

’Yan’uwa, mu dubi wannan jeri da idon gaskiya. Waɗansu daga cikin wuraren nan, masu zuwa sujada ranar Lahadi ne suka fi yawa a cikinsu. Gaskiya ne al’ummomin sun sha hare-hare, sun binne nasu da yawa, kuma kukansu kuka ne na gaske. Amma ɗan biki da ya tsaya tambayar hanya ba shi ya ƙone ƙauyen kowa ba. Ya mutu ne saboda rigarsa da harshensa, kamar yadda namu suke mutuwa a wasu hanyoyin saboda sunansu.

Ba wanda yake kwana mai ganin darajar maƙwabcinsa ya wayi gari da fetur a hannu. Sai an shekara ana kiransa da sunan raini, ana dariya, ba mai tsawatarwa, har sunan ya rufe mutumin. Baki shi ke yanka wuya.

Namu tudun

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in taka nawa a gabanku. Wata rana muna dawowa daga taron ikkilisiya, mu ne muka fi yawa a motar. A hanya direba ya tsaya ya ɗauki wani saurayi Bafulatani, siriri, da sanda da ’yar rediyo. Kafin ya gama zama wani daga cikinmu ya ce, “To, kowa ya kira gida a fara haɗa kuɗin fansa.” Mota ta ɗauki dariya. Ni ma na yi. Yaron bai ce komai ba, ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa, da ya isa mahaɗar ƙauyensu ya biya kuɗinsa ya sauka. Sai da motar ta tashi na gane irin zaman da ya yi. Zaman da nake yi ne a motar Kano in ana hirar “arna”. Mun fito daga kwana uku na wa’azi da waƙa, a cikin minti ɗaya muka yi wa yaron mutane abin da muke kuka ana yi mana.

Akwai kuma wanda muke yi wa junanmu. Kirista ɗan Kudu ya ce wa Kirista Bahaushe “aboki” a motar da za ta kai su majami’a ɗaya. Mu kuma mu ce “Inyamuri” da son kuɗi. Ɗan birni ya raina na ƙauye saboda tsagen fuskarsa. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi maganar wannan kai tsaye: wanda ya dubi tufafin mutum ya zaɓa masa wurin zama ya mai da kansa alƙali mai mugun tunani, kuma nuna bambanci zunubi ne. Manzon yana maganar wurin zama a majami’a, amma kujerar bas ba ta fita daga wannan koyarwa ba. Zafin da aka ji mana ba ya zama lasisin ji wa wani.

Fasinja na uku

A duk wulaƙancin da ake yi a mota akwai mutum uku: mai yi, wanda ake yi wa, da sauran fasinjoji. Na ukun nan su ne suka fi yawa, kuma su ne suke yanke yadda abin zai ƙare. Mai zagi yana duban fuskokinsu. In sun yi dariya ya ƙara, in sun yi shiru ya ɗauka sun yarda, in mutum ɗaya mai furfura ya ce “Haba Malam, ba girmanka ba ne”, yawanci maganar ta mutu ke nan.

A birnin Montgomery na Amurka, ranar 1 ga Disamba 1955, wata baƙar fata mai ɗinki, Rosa Parks, ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a bas, aka kama ta. Baƙaƙen fata suka ƙaurace wa bas-bas ɗin birnin har kwana 381, suna tafiya a ƙasa, suna taruwa a majami’u, wani matashin fasto mai suna Martin Luther King yana jagora, har kotu ta rushe dokar wariyar. Abin lura shi ne nasu doka ce a rubuce, ana iya kai ta kotu. Namu ya sha bamban. Tsarin mulkin 1999 yana tare da mu: sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa ’yancin zirga-zirga da zama a ko’ina cikin Nijeriya, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Wariyarmu a al’ada take, a baki da ido. Ba alƙalin da zai hukunta harara. Saboda haka maganin yana hannun fasinja na uku, kuma sau da yawa mu ne shi.

Ga abin da za mu iya yi. Mu fara da bakinmu da na ’ya’yanmu: a daina “Inyamuri” da “gwaranci” da mai da kowane Bafulatani ɗan fashi, a gida da harabar majami’a da zaurukan WhatsApp na matasa. Yaro a gida yake koyon sunan da zai kira mutum a tasha.

In ana wulaƙanta wani a gabanmu, mu yi magana da hikima. Ba a bukatar wa’azi ko ɗaga murya. A gaishe shi da girmamawa a gaban kowa, “Sannu Baba”, “Matso nan ’yar’uwa, akwai wuri”. A juya hirar. In gardamar kuɗi ce a mai da ita kan kuɗi. In kuwa wuri ya fara zafi, kada a ja gardamar addini a cikin mota ko tasha. Mun san yadda kalma ɗaya take tara mutane a garuruwanmu. A sauka lafiya, a kai ƙara wurin shugabannin tasha ko ’yan sanda.

In mu ake yi wa, mu amsa da gaskiya ba tare da zagi ba. “Ni ’yar Kibiya ce, Bahaushiya, Kirista.” A faɗe shi a natse, da murmushi in ya yiwu. Da yawa masu tambayar rashin sani ne yake damunsu, kuma duk wanda ya sauka daga mota ya san akwai Hausawa masu bi a ƙasar Rano ya rage jahilci ɗaya. Ɓoye suna don a zauna lafiya yana da lokacinsa, ba mai zargin wanda ya yi shi a wurin haɗari, amma in ya zama ɗabi’a, ’ya’yanmu za su taso suna jin kunyar kansu.

Dattawan ikkilisiya da fastoci su san shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar garinsu, da limamai da dagatai, tun ana zaman lafiya. Ranar da jita-jita ta tashi, lambar wayar da aka karɓa tun bara ita take ceton rai. Masu bi da suke tuƙin haya ko adaidaita kuma su sani motarsu wurin shaida ce: kuɗi ɗaya ga kowa, gaisuwa ɗaya ga kowa. ’Yan’uwa da suke zaune inda masu bi suka fi yawa, nauyinsu ya fi namu. Matasan da suke tsare hanya ’ya’yan ikkilisiya ne, kuma ya kamata su ji daga bagade cewa jinin matafiyi marar laifi yana kuka ga Allah ko wane ne shi.

A Ayyukan Manzanni sura 8, a kan hanyar hamada da ta gangara daga Urushalima zuwa Gaza, Ruhu ya aiki Filibus wurin karusar wani Bahabashe, baƙo mai wata fata da wani harshe. Bahabashen ya roƙe shi ya hau su zauna tare, Filibus kuwa ya hau. A kujera ɗaya aka buɗe littafin Ishaya, daga nan mutumin ya ci gaba da tafiyarsa yana farin ciki. Gobe da safe waɗansunmu za su tsaya a bakin titin Rano ko Kibiya suna jiran mota, kuma ba mu ne za mu zaɓi wanda zai zauna kusa da mu ba. Ubangiji ya ba mu idon da zai ga siffarsa a fuskar wannan mutum, da bakin da zai yi magana in an taɓa shi. Ya ta’azantar da iyalan da suka rasa nasu a Uromi da Mangu da sauran hanyoyin ƙasarmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.